Abin da jirgin Königsberg ya ja min ranar kare kundi

Jiya na karɓi sakamakona na bar sashen tarihi. Ga abin da ya same ni, ko zai amfani ƙannenmu masu shirin rubuta kundi.

Aikina a kan Königsberg ne, ɗaya daga ƙananan jiragen yaƙin Jamus masu gudu. Wata takwas ina bin sawunsa. Na san yadda kyaftin ɗinsa, Max Looff, ya sulale daga Darussalam, a Tanzaniya ta yau, ana gab da fara Yaƙin Duniya na Farko a 1914, da yadda ya dira Zanzibar da asubahin 20 ga Satumba ya nutsar da Pegasus na Ingila yana tsaye ana masa gyara. Daga nan ya shige bakin kogin Rufiji ya ɓuya. Sai da Turawan Ingila suka kawo Mersey da Severn, jirage marasa nitso da yawa a ruwa, ga jirgin sama yana nuna musu inda harsashi ke faɗawa, kafin suka ci ƙarfinsa ranar 11 ga Yulin 1915. Ko a haka Jamusawa suka kwance igwoginsa goma suka ci gaba da yaƙi da su a tudu. Wannan babin na Rufiji har yau ina alfahari da shi.

A babi na biyar na yi ɓarnar. Na rubuta cewa a Nuwamban 1918 Königsberg ya kai wakilin Jamus Sikotlan don tattauna miƙa jiragen yaƙin Jamus bayan an tsagaita wuta. Farfesan da aka gayyato daga waje ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, jirgin da ya nutse a shafi na 60, wa ya tsamo shi a shafi na 74?"

Bakina ya bushe. Ashe wani sabon jirgi ne, wanda aka saka a ruwa a ƙarshen 1915 aka ba shi sunan na farkon. Sunan na gani a intanet, ban duba shekarar ƙira ba.

Laifina ne, na yarda. Abin da ke cina shi ne malamin da ke duba min aiki ya buɗe baki a gaban kowa ya ce ya sha ja min kunne. Wallahi bai taɓa ba. Mako shida babin nan yana kan teburinsa, ya dawo min babu ko ɗigon jan biro, sai zoben kofin shayi a bango, da sa hannunsa. Makin da na rasa a ranar shi ya sauko da darajar digirina.

Don haka duk jirgin da za ka ambata, rubuta shekarar ƙirarsa kusa da sunansa. Ajiye kwafin duk babin da aka sa wa hannu. Ba wa abokin karatu ya karanta maka, ya fi jiran mai ofis.

Kwafin da farfesan ya duba yana hannuna. A gefen babin Rufiji ya rubuta da fensir cewa in nemi mujallar da za ta buga shi, kuma na fara nema.