Ganyen ƙarfen Jean Lamour

Shekara goma sha biyu ina walda, ban taɓa raina aikina ba sai ranar da wani Alhaji ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, irin wannan get ɗin nake so." Ƙyauren dandalin Stanislas ne na birnin Nancy a Faransa, baƙin ƙarfe da ruwan zinare, ganye da fure sun naɗe juna kamar zanen lalle.

Maƙerinsa Jean Lamour, haifaffen Nancy ne a 1698, asalin sana'arsa makulli da kwaɗo. Stanislas, tsohon sarkin Poland da aka ba sarautar Lorraine, shi ya sa shi aikin, aka gina dandalin tsakanin 1752 da 1755. A zamanin babu injin walda, nan kuma na fara shan ƙasa.

Ganye ɗaya tal na ce bari in gwada. Na yanko fallen ƙarfe, na hau bugu, kafin la'asar ya tsage gida biyu. Na sake, ya sake tsagewa. Na kwashi tarkacen na kai wa wani tsoho a maƙera. Ya jujjuya, ya yi dariya, ya ce, "Yaro, ƙarfen ya gaji kana ta dukansa. Mayar da shi wuta." Ashe bugu yana taurara ƙarfe, sai an zuga shi ya yi ja, a bar shi ya huce, sannan a ci gaba. Kuma daga baya ake bugun ganye, tudun ya fito ta gaba.

Murɗin ƙarfen da ke naɗe a jikin ƙyauren ma haka. Na lanƙwasa rodi yadda na saba, ya fito kamar maganin sauro. Sai Baba ya kama bakin rodin da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya sirantar da shi da masaba kafin ya naɗe. Nan take murɗin ya yi rai. Haɗin kuwa da ƙusa ne da ɗaurin ƙarfe, kamar yadda su Lamour suka yi. Ɗigon walda ko ka goge shi da magagari, ido yana kama shi.

Mako uku na ci kafin in sami ganye huɗu da ba na jin kunyarsu. Lamour ya rasu a 1771, ƙyamarensa suna nan tsaye. Alhaji dai na gaya masa gaskiya, muka daidaita a kan get mai sauƙi, ganye biyu a kowane ƙyaure.