Abin da na kwaso daga Ely

Jiya na mayar da katin laburare, na kwashe 'yan takarduna daga sashenmu a jami'a. Kafin in kama hanyar gida bari in bar wa ɗalibai masu shigowa wannan.

Bincikena a kan waliyyiya Etheldreda ne, 'yar sarkin da ta kafa gidan zuhudu a Ely ta Ingila a 673, ta rasu a 679. Bede, tsohon marubucin tarihin Ingila, ya ruwaito cewa da aka buɗe kabarinta bayan shekara 16, gawar ba ta ruɓe ba. A kan haka na gina babi guda: wai girmama kabarinta har ƙarni na 12 shaida ce cewa mata ba su saki ragamar gidan ba. Wata takwas ina fama da shi. Farfesan da ke duba aikina ya karanta sau biyu, bai gyara komai ba sai waƙafi.

Ranar taron sashe, ina rufe baki wata dattijuwa daga kujerun baya ta ɗaga hannu, ta ce a hankali, "Matan nan, ina suke bayan 970?" Na yi tsuru-tsuru. A shekarar ce Bishop Æthelwold ya sake kafa gidan, na maza zalla. Shekarar tana cikin takarduna, na tsallake ta ne don tana ɓata mini hujja. Littafin da na jingina da shi kuwa, Liber Eliensis, wato tarihin gidan Ely, mazan ne suka tattara shi, kusan shekara 500 bayan mutuwarta. Farfesa yana gefe yana latsa waya. Daga baya ya ce wai ya ƙyale ni ne in gano da kaina. To, na gano, a gaban jama'a.

Da na koma littafin da idon wanda ya sha kunya, sai na ga wata Etheldreda daban. 'Yan zuhudun sun mai da ita uwar gida mai filaye, wanda ya taɓa gonarsu ita ya taɓa. Har ga labarin da ta fito da sanda ta soke wani Gervase, yaron hakimin Normawa (waɗanda suka ci Ingila da yaƙi) da ya addabi mutanenta. A 974 ma 'yan zuhudun sun je garin Dereham sun sace gawar waliyyiya Withburga, wadda suke cewa 'yar'uwarta ce, suka kawo Ely. Mata waliyyai suke so, amma kwance a kabari. Babin da na rubuta a kan wannan ne mai jarrabawa na waje ya yaba, shi ne kuma Farfesa yake kira "tunaninmu" yanzu.

Sauran shawarwarin ba su da yawa. Ku koyi Latin tun shekarar farko, fassara za ta yaudare ku. Ku ajiye aikinku a wuri biyu. In mai duba aiki ya yi shiru, ku kai wa wani ya karanta.

Dattijuwar ce na kai wa kwafin kundin har ofis. Farfesa ya samu layi ɗaya a shafin godiya.