Koyon niƙa da iska a ƙasar Holan

Ranar Asabar nake zuwa, a matsayin ɗan sa-kai, wani tsohon injin niƙa mai aiki da iska a ƙauyen da ke kusa da inda nake zaune a Holan. Dattijon da ke koya mini bai bar ni na taɓa komai ba sai da na iya duban sama. Daga ina iska take busowa, za ta ƙaru ko za ta juya? Idan ta zagayo ta bayan fukafukan da ƙarfi tana iya yi wa kan ginin mummunar ɓarna.

Da hannu ake juya kan injin gaba ɗaya, da sarƙa da wata ƙafa ta katako, har fukafukan huɗu su fuskanci iska. Sai a hau kowane fiffike a shimfiɗa masa tamfol: iska kaɗan, tamfol duka, iska mai ƙarfi, a naɗe rabi ko a cire. Birki ne ya fi ba ni wuya. Katako ne ke matse babbar ƙafar da ke ciki, in ka ja da gaggawa ginin duka ya girgiza, in gudu ya yi yawa kuma gogayyar tana iya tayar da wuta. Haka duwatsun niƙan, ba a barinsu suna juyawa babu hatsi a tsakani.

Laushin gari da yatsa ake gane shi. Ka murza, ka ɗaga dutsen sama ko ka sauke shi kaɗan. Idan duwatsun suka yi santsi sai a sassaƙe su da guduma, kamar yadda kakanninmu ke ƙwanƙwasa dutsen niƙa. Haƙoran katako na ƙafafun da ke juya juna a cikin injin kakin zuma ake shafa musu, shi kuwa babban sandan da ke ɗauke da fukafukai kitsen alade. Wannan ɗaya na ce wa maigidan ya ɗauke mini, ya yi dariya ya karɓa.

A ƙarni na 19 irin waɗannan injuna sun kai kusan 10,000 a ƙasar, yau dubu da 'yan kai suka rage. Masu yawon buɗe ido sun fi sanin guda 19 na ƙauyen Kinderdijk, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1997. Ni abin da ya fi burge ni shi ne na 2017, lokacin da UNESCO ta amince da ita kanta sana'ar juya waɗannan injuna a matsayin al'adar gado. Injin da aka kulle don a adana shi ruɓewa yake yi: laima ta shiga, ƙwari su ci katakon, ba mai jin ƙarar da ta sauya balle ya gyara. Shi ya sa tun 1972 masu aikin sa-kai suka kafa ƙungiyar da ke horar da sababbi, kuma sai mutum ya yi aƙalla awa 150 yana juya injin, cikin sanyi da zafi, kafin ya zauna jarrabawa. Tawa na nan tafe, kuma karatun yanayin sama ne har yanzu ke hana ni barci.