Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mana a Jinyar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa na Aboabo, Asawase da sauran zangunan Kumasi. Alhamdu lillahi, an sallamo Baba daga asibitin Komfo Anokye, yanzu har yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa tsakar gida.

Da yawa sun tambaye ni abin da ya same shi. Ciwon baya ne mai tsananta idan ya kwanta da dare, daga baya ƙafafu suka yi nauyi, fitsari ya ƙi fita. Maƙwabciyarmu nas ce. Da ta taɓa tafin ƙafarsa ya ce bai ji ba, sai ta ce kada mu kwana da shi a gida. Anti, ba mu da bakin gode miki. Hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, ya nuna ƙari a gefen ƙashin baya yana danne laka. Nan take aka sa masa deksametason don kumburin ya sauka, aka yi tiyata, sannan aka bi wurin da gashin na'ura, wato haska wurin don ƙona sauran ƙarin. Likita ya ce mana wanda ya iso ƙafarsa na motsi ya fi samun damar sake tafiya, don laka ba ta jure dogon danni.

Da aka auna tsokar da aka yanko, sai ga niyuroblastoma, ciwon dajin da ke tasowa daga ƙwayoyin jijiya waɗanda ba su gama ƙosawa ba. Galibi yara 'yan ƙasa da shekara 5 yake kamawa, ba kasafai ake ganinsa ga dattijo mai shekara 68 ba.

Samarin layinmu da suka kinkimo shi cikin bargo har mota, da waɗanda suka ba da jini ba su ma jira a roƙe su ba, Allah ya yi muku albarka. Malam Liman da ya yi sanarwa bayan Juma'a, abokan kasuwar Umma na Kejetia da suka yi karo-karo ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, Allah ya mayar muku da ninkinsa. Nas-nas ɗin dare da ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo, suna lallashinsa da Asantanci yana amsawa da Hausa, ba zan manta da ku ba.

Jinya ba ta ƙare ba, akwai ƙarin ruwan maganin daji a gaba, kuma yana raunana garkuwar jiki. Masu zuwa dubiya ku zo bayan la'asar, mai mura ya yi haƙuri ya kira a waya. A ci gaba da sa Baba cikin addu'a.