Kafin A Kawo Injin: Yadda Nake Gwajin Kuza A Yankin Bukuru

Aikina na injiniyan ma'adinai yana farawa ne da ramukan gwaji. A Bukuru da Barkin Ladi, ruwa ne ya zaizayo kuza daga duwatsu ya zube ta a tsofaffin magudanan rafi. Nauyinta ya kusa ninki 7 na ruwa, yashi kuwa bai kai ninki 3 ba, shi ya sa take nutsewa ta kwanta can ƙasan tsakuwa, daf da dutsen gindi. Ramin da ya tsaya a sama, ko da mita ɗaya ya rage, bai gaya maka komai ba.

Nakan jera ramuka a kan layin da ya gitta magudanar, kimanin mita 20 tsakani. Daga kowane mita na zurfi ina ɗiban ƙasa a akwati mai cin lita 10, a wanke a ƙwarya, a busar, a auna. Giram ɗin da ya fito, in an ninka sau 100, shi ne abin da ke cikin kubik mita ɗaya. A murƙushe laka da hannu sosai, domin dunƙulenta yana tafiya da ƙananan ƙwayoyin kuza.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne baƙin da ya rage a ƙwarya. Ba duka ne kuza ba; akwai wasu ma'adinai, irin su ilmenait da kwalambait da baƙin yashin ƙarfe. Maganaɗisu yana janye na ƙarfen. Sauran nakan ɗora ƙwayoyin a kan fallen tutiya in ɗiga ruwan asid na haidirokulorik da aka sirka. Kuza ta gaske takan yi fari-fari kamar azurfa, sauran su zauna yadda suke. Wanda ya auna baƙin gaba ɗaya ya kai wa mai kuɗi lissafi, ya cuce shi tun kafin a fara.

Ramin loto kuwa, wato ramin da ake haƙa da hannu kamar rijiya don neman kuza, da damina abin tsoro ne. Ruwa yakan jiƙe yashin da ke ƙarƙashin laka, bango ya rufta ba gargaɗi. In na ga tsaga a bakin rami ko ruwa na tsattsafowa daga bango, kowa ya fito. Dusar da ta rage bayan tacewa kuma ba na yarda a kwashe ta a yi shafen ɗaki, saboda ma'adinin monazait da ke ciki yana fitar da tururi mai cutarwa wanda ido ba ya gani.