Tsohon samfurin Hurricane da na mayar jirgin hanyar Takoradi

Kwalin ya zo hannuna ne daga wajen wani mai sayar da kayan gwanjo a kasuwar Kejetia da ke Kumasi a ƙasar Ghana, a cikin buhun kayan wasan yara. Gefunansa sun ci, hoton da ke kansa ya koɗe, amma da na girgiza shi na ji ƙarar roba a ciki, sai na biya ba tare da dogon ciniki ba. Samfurin jirgin yaƙi ne na Hawker Hurricane a ma'aunin 1/72, wato an rage girman jirgin gaskiya sau 72, irin wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa da kansa, kuma daga yanayin robar da takardar bayanin na gane cewa ya girme ni.

Da farko na yi niyyar in yi masa fentin da ke jikin kwalin, kore da ruwan ƙasa, irin na yaƙin sararin samaniyar Birtaniya na 1940. Kawuna ne ya sauya mini tunani. Ya tarar da ni a zaure a Aboabo ina jera sassan a kan tire, ya ɗauki fiffike ɗaya ya juya shi, ya ce, "Ɗana, ka san irin waɗannan a Takoradi aka riƙa haɗa su?" Na ce, "Na taɓa ji, Kawu, amma ban bi diddigi ba." Daga ranar na shiga karatu.

Bayan faɗuwar Faransa da shigar Italiya Yaƙin Duniya na Biyu a watan Yuni na 1940, bin tekun Bahar Rum ya zama kasada ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka koma kawo jiragen sama a cikin manyan akwatuna zuwa tashar jiragen ruwa ta Takoradi a gaɓar tekun Ghana ta yau, wadda aka buɗe tun 1928, a haɗa su a can, sannan a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, El Fasher da Khartum har Masar, tafiyar da ta haura mil 3,500. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma yawanci jirgin Blenheim mai inji biyu ne ke shiga gaba a matsayin madugu, Hurricane suna biye da shi. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Kakanninmu sun taso daga Kano a ƙafa da jakuna neman goro, ga shi kuma waɗannan jirage sun tashi daga wannan ƙasa sun sauka Kano cikin kwana biyu. Wannan ya ishe ni dalili.

Aikin kansa ya fara ne da reza da sanfefa. Tsoffin samfura suna da wasu aibu da duk mai wannan sha'awa ya sani: ragowar roba a bakin kowane sashe, ramuka inda robar ta lotsa lokacin da take hucewa, da layukan jiki waɗanda suka taso sama maimakon su nutse. Na cike ramukan da gam mai saurin kamawa da na gauraya da hodar jarirai, wanda in ya bushe yakan yi tauri har ya fi robar, don haka dole a goge shi kafin ya kwana. Layukan fukafukai da na hanci kuwa na goge su duka, na sake zana su da allurar ɗinki da na soka a kan guntun kara, ina bin gefen tef mai kauri don kada hannu ya kauce.

A nan ne na yi kuskuren da ya ci mini mako biyu. Hurricane ba kamar Spitfire, takwaransa jirgin yaƙin Birtaniya mai jikin ƙarfe, yake ba. Sydney Camm, wanda ya tsara shi, ya bi tsohon salon gini: bayan mazaunin matuƙi ƙashin bututun ƙarfe ne da siraran katakai, aka lulluɓe da yadi, aka shafe da wani ruwa mai sa yadin ya ɗame. Shi ya sa jikin yake da dogayen layuka kamar haƙarƙari, kuma shi ya sa harsashi kan ratsa yadin ya wuce, makanikai su faci wurin cikin ɗan lokaci. Ni kuwa, a garin share mahaɗar ɓarin dama da na hagu, na goge haƙarƙarin saman bayan tas har ya yi sumul kamar ƙwai. Na zauna ina kallonsa, na rasa abin cewa. Mafitar da na samu ita ce in ɗora sandar robar da sassan ke maƙale a jikinta a kan kyandir, in ja ta a hankali har ta zama zare, in yanka guda-guda in manna, sannan in bi da fenti mai kauri da sanfefa mai laushi har layukan suka kwanta. Wanda ya matso da madubin mai gyaran agogo zai ga ba su kai na asali daidaito ba, amma daga nisan kamu biyu ido bai kama su.

Cikin mazaunin matuƙi babu komai sai wani ɗan benci. Na yanka kujera daga gwangwanin madara, na yi ɗamara da siririn tef, na bar shi haka, domin gilashin samfurin yana da kauri ƙwarai, ko bayan na goge shi da man goge baki abin da ake hangowa kaɗan ne. Ban ga amfanin ɓata dare a kan abin da ba mai gani ba. Bakunan bindigogi takwas na huda su da allura mai zafi.

Abin da ya mayar da shi jirgin hamada shi ne matatar iska ta Vokes, wani ƙullutu a ƙarƙashin hanci da aka ƙara don kada yashi ya cinye injin Merlin. Ba ta cikin kwalin, sai na manna guntayen roba uku na sassaƙa su ina duba tsoffin hotuna. Ta ɓata wa jirgin kyan fuska, kamar yadda ta rage wa na gaskiya gudu, amma ba tare da ita ba labarin bai cika ba.

Fenti na bari sai bayan sallar asuba, domin a hunturu ƙura ba ta barin abu ɗanye a Kumasi. Da na gama shafawa nakan kife roba a kai. Sama ruwan ƙasa da ruwan yashi, ciki shuɗi mai haske. Tamburan mannawa da suka zo da kwalin sun yi rawaya saboda tsufa, na manna takardarsu a jikin taga tana kallon rana har kwana goma, suka washe, ko da yake ɗaya ya tsage a cikin ruwa sai da na haɗa shi da matsefata.

Fukafukan jirgin gaskiya ƙafa 40 ne daga baki zuwa baki, nawa kuwa bai cika santimita 17 ba. Kawu ya ɗora shi a tafin hannu, ya daɗe yana duban ƙullutun nan na hanci, sannan ya tambaye ni ko ana samun Blenheim a irin wannan ma'auni, tunda a cewarsa ayari ba ya tafiya babu madugu. Na riga na bar wa mai gwanjon saƙo.