Duron Guguwa a Shagona

Farar hulata ce ta fara ankarar da ni. Wata Juma'a na rataye ta a ƙusa can ƙuryar shago, nesa da wurin aiki, don kada ta yi datti kafin lokacin masallaci. Da na je ɗauka sai na tarar ta yi jawur kamar an barbaɗa mata yaji. Madaci muke gogewa tun safe. Ina kaɗe ta ina tunani: hular da ba ta numfashi ma ta kwashi wannan, ina ga ƙirjina?

Na daɗe ina kafinta a nan Gombe, wajen Jekadafari, kuma ni da ƙura mun saba. Sai dai dusar zarto da ta injin fere katako mai nauyi ce. Ta zube ƙasa, yaro ya share, masu kiwon kaji su zo su ɗura a buhu. Abin ya canja ne da na haɗa injin goge katako mai ganga. Bututun ƙarfe ne mai kaurin inci 5, mai walda ya saka masa sanda a tsakiya da boris biyu, muka haɗa shi da bel zuwa injin lantarki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin mai juyi wajen 1,400 a minti. Ana naɗe gangar da doguwar samfefa a karkace kamar naɗin rawani, a tura katako ta ƙarƙashinta a kan teburin da ake ɗagawa da noti. Ƙofar da yara biyu za su wuni suna gogewa da hannu, yanzu kafin azahar ta yi sumul, kaurinta ɗaya daga wannan baki zuwa wancan.

To amma abin da gangar nan ke fitarwa ba dusa ba ce, gari ne, ya fi na tuwo laushi. Wanda ido ke gani ma da sauƙi. Masana sun fi damuwa da ƙwayar da ba ta kai maikiron 10 ba (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), alhali kaurin gashin kai ya kai wajen 70. Irin wannan tana daɗewa tana yawo a iska bayan an kashe inji, kuma ita ce ke wuce hanci ta sauka huhu. Tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta saka ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta cikin hanci. Iroko da obeche kuwa, da muke saye kullum a kasuwar katako, an san ƙurarsu da tayar da asma. Mu dai a da sai mu ce hazon hunturu ne ya sa mu tari, mu sha shayi mai citta.

Dabarata ta farko ta rashin tunani ce. Na kafa babbar fanka tana hura ƙurar waje ta bakin ƙofa. Kwana biyu telan da ke kusa da ni ya shigo riƙe da farar shadda, ya ce, "Malam, don Allah dubi ɗinkin mutane." Ban da haƙuri ba ni da abin cewa. Sai na sayo injin zuƙe shara na gwanjo. Minti goma matatarsa ta toshe, ga siririn tiyonsa ba ya jan iskar kirki. A nan na gane cewa gangar tana bukatar iska mai yawa ne: bututun inci 4 filin bakinsa da iska ke bi ya ninka na inci 2 sau huɗu, ba sau biyu ba.

Wanda ya yi aiki shi ne duro. Shuɗin duron roba mai murfi, irin na ajiye ruwa. Na yi wa gangar rumfa da falanki, na fitar da bututun roba na inci 4 daga samanta zuwa duron. Sirrin yana wurin shigar bututun: ba a tsakiya yake shiga ba, ta gefe yake bi, jikin bango, don iska ta shiga tana kewayawa. Wanda ya taɓa ganin guguwar bazara ta ɗebi leda da kara a fili ya ga yadda abin yake. Juyin yana wurga gari jikin bango, ya zame ƙasa, iskar kuma ta fita ta wani bututun da ke tsakiyar murfi zuwa fankar zuƙa da maƙeri ya ƙera mini. Ƙasa da murfin kaɗan na saka faifan falanki mai tsaga a gefe, tsagar ta zagaye kamar kashi biyu cikin uku na da'irar, don garin da ya riga ya faɗa kada iska ta sake tayar da shi.

Ranar gwaji, rabin garin ya bi fanka ya fice. Na kwana ina zargin maƙeri, ashe laifin murfi ne. In iska tana satar shiga ta bakin duro ko da ta ƙaramar kafa ce, sai ta riƙa tono abin da ya kwanta. Da turaren tsinke na kama ɓarawon: na kunna, na bi bakin murfin da shi, duk inda hayaƙi ya lanƙwasa ya shige, nan kafa take. Na yanko tsohon tib na babur na zagaye bakin da shi, shi ke nan.

Duron ba ya kama mafi laushin, kada wani ya ruɗe ku. Na gwada ɗaura buhun yadi a bakin fanka, da magariba na haska tocila, sai ga ƙura tana tsatsowa ta saƙar yadin kamar hayaƙin girki. Na cire shi, na huda bango na fitar da bututun bayan shago inda kango ne, ba kowa. Takunkumi kuma dole ne, mai matata, ba ƙyallen da muka saba ba.

Ita kanta gangar ba ta son gaggawa. Yarona kullum maganarsa, "Oga, a ƙara ɗaga teburin mu gama da wuri." Na bar shi sau ɗaya. Katakon ya fito da baƙin layi na ƙuna, samfefar ta cushe, sabuwa ce fil muka yar. Yanzu kwatan juyin noti kawai muke yi a kowane wucewa, abin da ake ci bai kai rabin milimita ba. Mu fara da samfefa mai kaushi, lamba 80, sai 120, sai mai laushi 150, ba tsallake. Nakan zana fensir a fuskar katakon, in zanen ya ɓace ko'ina an gama da wannan lambar. Busasshen gam a kankare shi tukuna, shi ne babban mai kashe samfefa. Guntun katako kuma ba na yarda a tura, don gangar na iya cillo shi baya kamar harbin jaki.

In a janareto muke, fanka ake fara kunnawa ta daidaita sannan ganga, in ba haka ba sai ya shaƙe ya mutu. Kullum da yamma muna juye duron, saboda ƙusa ɗaya da ta ɓuya a katako ta isa ta ba da tartsatsi, garin nan kuwa busasshe ne ƙayau. Mai kaji ya zo ya ga tulinsa ya yi murna, na ce masa a'a, wannan 'yan tsaki ba za su iya da shi ba, balle in an haɗa da na allon MDF mai gam a ciki.

Juma'ar da ta wuce na sake rataye hular a ƙusar nan. Da na ɗauko, akwai ɗan ja-ja a bakinta, amma kaɗawa ɗaya ya fita. Ina zargin gwiwar bututun da ke kusa da rumfa, ta cika lanƙwasa. Na riga na sayo gwiwoyi biyu masu buɗi, sai mun miƙa ƙofofin da ke hannunmu zan sauya.